Yadda ake sa zane ya yi motsi: daga wasan inuwa zuwa ɗakin aikin Moustapha Alassane a Tawa



A gidaje da yawa yanzu, in an gama sallar lisha za ka tarar da yara sun yi cincirindo kan salula guda, suna kallon kyanwa tana bin ɓera, ana ta dariya. Wasu na ce wa abin katun, waɗanda suka yi lakwal su ce desan anime, mu kuwa a nan za mu kira shi zane mai motsi. Iyaye sun sha tambayarmu: wai mutane ne ke sa kaya su yi wasan, ko na'ura ce ke yi da kanta, ko kuwa wani siddabaru ne? Amsa ita ce sana'a ce kamar saƙar tabarma ko ƙira, tana da ƙa'idodinta da kayan aikinta. Kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara wannan sana'a a Afirka ɗan Nijar ne, a garin Tawa ya yi zaman ƙarshen rayuwarsa. Mun tattara bayanin a wuri guda domin mai son sani ya karanta, ya kuma karanta wa na gida.

Mene ne zane mai motsi?

A gaskiya babu zanen da ke motsi. Hotuna ne tsayayyu da yawa, kowane ya ɗan bambanta da wanda ya gabace shi, ana nuna su ɗaya bayan ɗaya da sauri. Ido da ƙwaƙwalwa su ne ke haɗa su, sai mutum ya ga kamar abu guda ne ke tafiya.

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san misalin wannan. In yaro ya ɗauki bakin wuta da dare ya juya shi da sauri, za ka ga zobe na wuta a iska, alhali garwashin guda ne, kuma a kowane lokaci wuri ɗaya yake. Hasken da ya shiga ido bai gushewa nan take, kafin ya gushe wani ya zo. Ƙwaƙwalwa kuma, in ta ga abu a nan, ta sake ganinsa ɗan gaba kaɗan, sai ta yanke hukunci cewa tafiya ya yi. Kan wannan hali na ɗan Adam aka gina sinima gaba ɗaya.

To, mene ne bambancinsa da fim irin na Kano ko na Indiya? A fim ɗin mutane, ɗan wasa ne ke motsi, kyamara na ɗaukarsa yana yi. A zane mai motsi kuwa babu abin da ya motsa gaban kyamara. Mai aikin ne ke ƙirƙirar motsin hoto bayan hoto: ya zana, ya ɗauka, ya canza kaɗan, ya sake ɗauka.

Lissafin aikin

Fim ɗin sinima mai sauti yana nuna hoto 24 a kowane sakan guda. Telebijin irin tamu na nuna 25, salula kuwa galibi 30 take ɗauka. Ke nan minti guda na sinima hoto 1,440 ne. Don a rage wahala, masu zane kan ɗauki kowane zane sau biyu, sai zane 12 ya cika sakan guda, ido kuma bai cika lura ba. Ko da hakan, minti guda na bukatar zane 720, fim na minti 5 kuma zane 3,600. Wanda ya san tsawon lokacin da tabarma guda ke ci a hannun mai saƙa, zai gane irin haƙurin da ake magana.

Akwai ƙa'ida guda da kowane mai koyo ke farawa da ita. In zanuka suna kusa da juna, wato canjin da ke tsakaninsu kaɗan ne, motsin zai fito a hankali. In tazarar ta yi yawa, motsin zai fito da sauri. Hawainiya na bukatar zane da yawa kafin ta ɗaga ƙafa guda, zomo kuwa zane uku ko huɗu ya tsallake gona.

Inda abin ya faro

Tun kafin a ƙirƙiro sinima mutane ke wasa da wannan dabara. A 1832 wani masani ɗan Beljiyam, Joseph Plateau, ya yi faifan kwali mai zanuka kewaye da shi da ƴan tsagogi a baki. In an juya shi gaban madubi aka leƙa ta tsagar, sai a ga zanen na motsi. A 1868 wani Baturen Ingila, John Barnes Linnett, ya yi rajistar ɗan littafin nan da ake zane a kowane shafi, a saki shafukan da babban yatsa. Har yau shi ne hanya mafi sauƙi ta koyo.

Ranar 28 ga Oktoba 1892, Émile Reynaud ya nuna wa jama'a zanukansa masu motsi a kan allo a gidan Musée Grévin da ke birnin Paris. Da hannu ya zana su, ya shafa musu launi ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya riga fim ɗin ƴan uwan nan Lumière, waɗanda suka fara nuna nasu ga masu biyan kuɗi a Disamba 1895. Shi ya sa ake bikin ranar zane mai motsi ta duniya kowace 28 ga Oktoba.

A 1908 Émile Cohl, shi ma Bafaranshe, ya fitar da Fantasmagorie, zane kusan 700, tsawonsa bai kai minti biyu ba. Daga nan Amurka ta karɓi abin ta mai da shi babbar kasuwa. Walt Disney ya fitar da Steamboat Willie a 1928, fim ɗin da ya sa ɓeran nan Mickey ya yi suna, a 1937 kuma ya fitar da dogon fim Snow White. Kyanwa da ɓeran da yaranmu ke kallo, Tom da Jerry, William Hanna da Joseph Barbera ne suka ƙirƙire su a 1940. Ke nan sun girmi kakannin yaran da ke kallonsu.

Hanya ta farko: zane a takarda da farar roba

Wannan ita ce aka fi sani. Mai zane na aiki kan tebur mai gilashi da fitila a ƙasa. Yana ɗora sabuwar takarda kan tsohuwa, hasken ya ratso, ya ga zanen baya, sai ya zana na gaba da ɗan canji. Takardun duka an huda su a wuri guda, ana sa su cikin ƴan turaku, don kada wata ta goce. In ta goce ko kaɗan, hoton zai riƙa rawa a allo.

Ana raba aikin. Babban mai zane ya yi manyan matsayi: ɗan kokowa ya duƙa, ya kama ƙafa, ya ɗaga, ya kayar. Mataimaka su cika zanukan da ke tsakani. Gwanaye sun lura cewa kafin kowane babban motsi jiki na yin shiri, kamar yadda mai daka ke ɗaga taɓarya sama kafin ta sauke. In aka bar wannan shiri, motsin zai fito kamar na gunki.

Matsala ita ce, in mutum na tafiya gaban bukka da bishiya, sai an sake zana bukkar da bishiyar sau ɗari? A 1914 wani Ba'amurke, Earl Hurd, ya yi rajistar mafita: a zana wurin sau ɗaya a takarda, a zana mutumin a kan farar roba da ake gani ta cikinta, a ɗora bisa. Ana zana layin a gaban robar, a shafa launi ta baya. Robar kawai ake canzawa, wurin na nan yadda yake. Da wannan hanya aka yi yawancin katun na duniya har zuwa shekarun 1990, lokacin da kwamfuta ta karɓi aikin.

Hanya ta biyu: yankakken kwali da inuwa

A nan ba a sake zane. Ana zana mutum ko dabba sau ɗaya a kwali, a yanke kai daban, hannu daban, ƙafa daban, a haɗa gaɓoɓin da zare ko siririyar waya. A shimfiɗa shi kan tebur, kyamara na kallo daga sama. A gusa hannu kaɗan, a ɗauka, a ƙara gusawa, a ɗauka. Ita ce hanya mafi arha.

In aka sa fitila a ƙasan gilashin aka yi amfani da baƙin kwali, abin da zai fito inuwa ce zalla. Wata Bajamushiya, Lotte Reiniger, ta yi kusan shekara uku tana yanka kwali da almakashi, a 1926 ta fitar da fim ɗin Yarima Ahmad, wanda ta ɗauko daga hikayoyin Dare Dubu da Ɗaya. Shi ne dogon fim na zane mai motsi mafi tsufa da ya rage a duniya.

Hanya ta uku: ƴar tsana da laka

Ana ƙera ƴar tsana da ƙashin waya a ciki, yadda in an lanƙwasa hannunta zai tsaya inda aka bar shi. A tufatar da ita, a gina mata ɗan gari kan tebur. A motsa ta kaɗan, mai aikin ya janye hannunsa, a ɗauki hoto, a sake. Ladislas Starewitch ya yi suna da wannan hanya a ƙasar Rasha wajen 1912, inda ya sa wa matattun ƙwari ƙafafun waya ya yi fim da su, har wasu masu kallo suka ɗauka ƙwarin ya horar. Kamfanin Aardman na Ingila, masu tunkiyar nan Shaun, da wannan hanya suke aiki, suna haɗa ƴan tsana da wata laka ta musamman da ba ta bushewa.

Kada a haɗa wannan da wasan ɗiyan dabo da dattawanmu suka sani, inda mai wasa ke ɓuya cikin babbar riga yana kaɗa ƴan tsana da hannu, yana yi musu murya. A wasan dabo motsin na faruwa ne gaban idon jama'a. A fim kuwa ƴar tsanar a tsaye take duk lokacin da aka ɗauki hotonta, motsin na tsakanin hoto da hoto. Amma dangi ne, kuma wanda ya iya ɗaya ya kama hanyar ɗayan.

Hanya ta huɗu: kaya da mutane

Duk abin da za a iya gusawa ana iya sa shi tafiya: albasa, takalmi, buta, tsakuwa. A jera albasa biyar kan tabarma, a gusa su kaɗan-kaɗan ana ɗauka, sai ka ga sun bi layi sun shiga buhu da kansu. Har mutum ana yi da shi. Ya tsaya cik, a ɗauka, ya matsa taku guda, ya tsaya, a ɗauka, sai a gan shi yana sulɓewa a ƙasa ba ya ɗaga ƙafa. Norman McLaren na hukumar fim ta ƙasar Kanada ya yi haka a fim ɗinsa Neighbours na 1952, labarin maƙwabta biyu da suka hallaka juna kan fure guda da ya tsiro a iyakarsu. Fim ɗin ya ci lambar Oscar. Duk wanda ya taɓa ganin rigimar iyakar gona zai gane shi ba tare da tafinta ba. Ku riƙe sunan McLaren, za mu dawo kansa.

Hanya ta biyar: rairayi

A zuba rairayi mai laushi kan gilashi mai fitila a ƙasa. Inda rairayin ya yi kauri ya fito baƙi, inda aka share ya fito fari. Da yatsa ake zanen, a ɗauka, a shafe wani gefe a gyara, a sake ɗauka. Caroline Leaf ta yi suna da wannan tun daga 1969. Wahalarsa ita ce kowane hoto na cinye wanda ya gabace shi, in an yi kuskure babu komawa baya.

Hanya ta shida: zane kan zaren fim

Kafin zuwan salula, ana ɗaukar fim ne a kan doguwar roba mai faɗin milimita 35 ko 16. A mai 35, sakan guda na cin kusan santimita 46, minti guda kusan mita 27. Wasu gwanaye, McLaren na cikinsu, sukan bar kyamara gaba ɗaya, su zana da alƙalami kan robar kanta, ko su kankare baƙar roba da allura, gida bayan gida, kowane gida bai fi kan babban yatsa ba.

Hanya ta bakwai: bin sawun hoton mutum

A ɗauki mutum na gaske yana rawa ko gudu, a haska hotunan ɗaya-ɗaya kan gilashi, mai zane ya bi layin jikinsa. Max Fleischer ne ya ƙirƙiro na'urar yin haka a Amurka a 1915. Motsin kan fito daidai da na mutum.

Game da kwamfuta kuwa, Toy Story na 1995 shi ne dogon fim na farko da aka yi gaba ɗaya da ita. Ta rage wahalar shafa launi da cika tsakani, amma ƙa'idar ba ta canza ba: hoto bayan hoto, kuma mutum ne ke yanke yadda kowane motsi zai kasance.

Moustapha Alassane, namu na gida

An haifi marigayi Moustapha Alassane a 1942 a N'Dounga, kusa da Yamai, bakin kogin Kwara. Tun yana yaro yake tara mutane da dare yana nuna musu wasan inuwa da kwali da fitila, da na'urar da ya haɗa da hannunsa. Ya yi aikin kanikanci. A Yamai ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshen nan mai ɗaukar fim da ya daɗe yana aiki a Nijar, a cibiyar bincike ta IFAN. Rouch ya ga baiwarsa, ya taimaka masa ya koyi aikin kyamara, ya kuma buɗe masa hanyar zuwa Kanada, inda ya haɗu da Norman McLaren ya ƙaro ilimin zane mai motsi.

A 1962 ya fitar da Aouré, fim na mutane kan aure a ƙasar Zabarmawa, wanda ake lissafawa cikin finafinan farko na Nijar. Sai ya shiga zane. La Mort de Gandji, labarin masarautar kwaɗi da fadawanta, ya samu lambar yabo a babban bikin fasahar baƙar fata na duniya da aka yi a Dakar a 1966. A wannan shekarar ya fitar da Bon Voyage Sim, ɗan fim na kusan minti 5: Sim, shugaban jamhuriyar kwaɗi, ya tafi ziyarar aiki ƙasar maƙwabta, ga jirgi, ga fareti, ga jawabai. Shekara shida ke nan da samun ƴancin kai, kowa ya san da wa ake. Dabarar tatsuniya ce: abin da ba ka iya faɗa wa babba a fuska, sai ka sa shi a bakin dabba.

A 1977 ya yi Samba le Grand da ƴan tsana, mai launi, labarin jarumin da ya nemi auren gimbiya ta yi ta ɗora masa sharuɗɗa masu wuya. Daga baya ya yi Kokoa, wanda sunansa ma Hausa ne. Fili ne na kokowa irin tamu, da makaɗa da ƴan kallo, sai dai ƴan kokowar kwaɗi ne da hawainiya da tsuntsaye, duk ƴan tsana. Mu mutanen jahar Tawa, inda aka fara gasar takobin ƙasa a 1975, mun fi kowa sanin abin da ake yi wa dariya a ciki.

Bai tsaya ga zane ba. Le Retour d'un aventurier na 1966, wanda Zalika Souley ta fito a ciki, labarin saurayi ne da ya dawo daga waje da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka dami gari. Duk gidan da ke da ɗan ci-rani zai ga wani abu nasa a wannan fim. A 1972 ya fitar da F.V.V.A., wato mata, gida, mota, kuɗi. Finafinansa sun kai talatin. Ya shugabanci sashen sinima na jami'ar Yamai shekara 15.

Daga baya ya koma Tawa da zama. Yana da otel a garin, ya mai da wasu ɗakunan wurin aiki, da ƴan tsanarsa da na'urorinsa, har ya koyi aiki da kwamfuta da tsufansa. Ya kuma riƙa yawo da majigi a mota yana nuna wa mutanen karkara fim. Ranar 18 ga Fabrairu 2004, lokacin da Jean Rouch ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni, Moustapha na cikin motar, Allah ya yi da sauran kwanansa. A 2007 Faransa ta ba shi lambar girma ta Légion d'honneur a bikin finafinai na Cannes. Ya rasu ranar 17 ga Maris 2015 a Wagadugu. A 2017 gidan adana fasaha na MoMA da ke New York ya shirya kwanaki na musamman don nuna finafinansa. Allah ya jiƙansa da rahama.

Abin tambaya, a New York an taru an kalli aikinsa, mu da motar kasuwa ke kai mu Tawa a yini guda, yaranmu nawa suka taɓa jin sunansa?

Yadda za a gwada a gida

Gwaji na farko bai bukatar salula. A samu tsohon kaye da bik. A kusurwar shafin ƙarshe a zana ƙwallo a sama. A saki shafin da ke bisansa, a zana ƙwallon ɗan ƙasa kaɗan, a ci gaba har ya taɓa ƙasa, a nan a ɗan baje shi kamar an danne, sannan ya sake tashi. Shafi 20 zuwa 30 sun isa. A kama da babban yatsa a saki.

Gwaji na biyu da salula ne. Akwai manhajoji na kyauta, irin su Stop Motion Studio, masu jera hotunan da kansu. Ga abin da za a kiyaye:

Salula kada ta motsa ko kaɗan. In babu ƙafar kyamara, a kafa ta tsakanin tubali biyu, ko a ɗaure ta jikin kujera da roba.

Haske kada ya canza. Rana na tafiya, inuwa na bin ta, fim ɗin zai riƙa ƙyaftawa. Gara a shiga ɗaki a rufe taga, a kunna fitilar sola guda a ajiye ta wuri ɗaya. Wannan kuma zai hana iskar hunturu kwashe kwalin.

Motsi ya zama kaɗan, kamar faɗin ƙwayar wake a kowane hoto. A janye hannu kafin a ɗauka.

A fara da gajere. Sakan 10 hoto 120 ne. Wanda ya ce zai fara da rabin awa, zai gaji ya bari.

Lakar fadama tana bushewa ta tsage kafin a gama. In da ita za a yi, a bar jikin san ya bushe, a yi wuya da ƙafafu da waya, ko a yi shanu uku masu tsayuwa daban-daban a riƙa musanyawa. Motocin kara da na gwangwani da yara ke ƙerawa sun dace ƙwarai, tun da ba su canza siffa.

In da magana a fim ɗin, a fara ɗaukar muryar, a ƙirga sakan nawa ta ci, sannan a yi hotunan daidai da ita. Haka manyan kamfanoni ke yi. Baki uku ya isa mai koyo: rufe, ɗan buɗe, buɗe sosai.

Me ya sa muka damu da wannan?

Na farko, harshe. Yaro na kwashe awa biyu yana kallon abin da babu kalmar Hausa ko Tamajak ko Fulatanci a ciki, babu rumbu, babu rijiya, babu wanda ya yi kama da kakarsa. Ƴaƴan ƴan uwanmu da aka haifa a Abijan ko Legas, wasunsu Hausar ma tana kuɓuce musu. An ga abin da Kirikou ya yi a 1998, fim ɗin da Michel Ocelot, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Gine, ya gina kan tatsuniyoyin Afirka ta Yamma: yara sun rungume shi don sun ga ƙauye irin nasu. A Abuja ma Adamu Waziri ya ƙirƙiro Bino and Fino domin yaran Afirka. Mu kuwa ga Gizo da Ƙoƙi, ga kura da zomo, suna nan a bakin tsofaffi, kuma tsofaffin na tafiya.

Na biyu, amfani. Zane na nuna abin da kyamara ba ta iya ɗauka: yadda ruwan sama ke tsayawa bayan jerin duwatsu ya nitse ƙasa, irin aikin da mutanen Keita suka yi a tsaunukansu tun daga 1984, ko yadda sauro ke ɗaukar zazzaɓi daga wani ya kai wa wani, ko yadda albasa ke ruɓewa a rudu in iska ba ta ratsa ta. Wanda bai yi karatu ba zai gane cikin minti guda.

Na uku, wayewar kai. Yaron da ya taɓa sa buta ta yi tafiya da hannunsa ya san cewa ba duk abin da aka gani a salula ne ya faru ba. A wannan zamani na hotunan ƙarya da ake turawa ta WhatsApp, wannan ma ilimi ne.

Iyaye, in kun ga yaro na zane a bayan kaye ko yana ƙera shanun laka, a tabbata ya yi karatunsa da aikin gida, amma kada a kashe masa gwiwa. Haka Moustapha ya fara, da kwali da fitila. Malaman makaranta, gwajin kaye bai cin ko dala. Ƴan uwa na ci-rani masu intanet mai ƙarfi, ku rubuta sunan Moustapha Alassane yadda muka rubuta shi a nan, ku nemi abin da ake samu na aikinsa, ku nuna wa ƴaƴanku, ku faɗa wa na gida. Wanda kuma ya gwada ya samu ko sakan 10 ne, ya kawo mana gidan rediyo mu gani, mu faɗi sunan garinsu a shirinmu.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya dawo da matafiya gida cikin alheri. Mu kwana nan.